Kitsen Hanta: Magani Ya Fito a Amurka, Amma Aikin Yana Hannunmu



Duk mai shiga mota a Sabon Tasha zuwa Kachia, Zonkwa ko Kafanchan ya saba da muryar masu tallar "maganin wanke hanta" a lasifika. Yanzu da labarin sabon maganin kitsen hanta ya fara yawo a wayoyinmu, ina fargabar za su samu sabon abin ruɗar jama'a. Shi ya sa na ga ya dace mu fahimci abin tun daga tushe.

Kitsen hanta yana kama har wanda bai taɓa ɗanɗana burkutu ba. Ƙiba, tumbi, ciwon suga da yawan shan lemon kwalba su ne manyan masu jawo shi. Shekaru yake yi ba ciwo ba alama. A wasu mutanen hantar takan kumbura, ta yi tabo, ta ƙanƙance, har ta kai ga kansa.

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna da wasu makarɓan saƙo, kamar kwaɗo da makulli: sinadarin da ya dace ne kawai ke buɗe su, sai ƙwayar ta bi umarni. Masana sun daɗe suna neman makullin da zai sa hanta ta ƙona kitsenta. A watan Maris na 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Rezdiffra, wanda ke taɓa makarɓin sinadarin tayirod da ke cikin hanta. A Agustan 2025 ta ƙara da allurar Wegovy, mai aiki ta makarɓin GLP-1, wadda ke rage son abinci da nauyi. Dukansu biyu an amince da su ne don masu tabon hanta da bai kai ga ƙanƙancewa ba, kuma tare da gyaran abinci da motsa jiki.

Ga inda gizo ke saƙa. Farashin Rezdiffra da ya fito ya kai dala 47,400 a shekara. Wa ke da wannan a cikinmu? Sannan a 2023 FDA ta ƙi amincewa da wani maganin mai aiki ta makarɓin FXR, bayan shekaru ana gwada shi, saboda amfaninsa bai rinjayi haɗarinsa ga hanta ba. In maganin da aka gwada haka ya faɗi, ina ga ruwan jarka da ba a san abin da aka zuba a ciki ba? Duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, mai rauni kuwa ƙara mata kaya ake yi.

Wani zai ce to sai mu zauna mu jira farashi ya sauka. Ni ban yarda ba. Likitoci sun tabbatar cewa rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitse da kumburin hanta. Mai kilo 90, kilo 6.3 zuwa 9 ke nan. A rage lemon kwalba da suga a shayi, a yawaita ganye da wake, a taka da ƙafa maimakon hawa acaɓa kowane ɗan lungu. Mai shan giya kuma ya ajiye ta.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya: a taronmu na gaba a gayyato ma'aikatan lafiya su auna suga, hawan jini da faɗin ƙugu, su yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan kuma yana da rigakafi. Wanda sakamakonsa ya nuna matsala a taimaka masa ya je Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Yakowa a Kafanchan a yi masa hoton ciki. Kuɗin da muke haɗawa na jana'iza, mu ware wani abu daga ciki don gwaji tun mutum yana kan ƙafarsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.