A Daina Raina Marubucin Labarin Bincike

Mun daɗe muna jin wasu manazarta suna cewa wai labarin binciken laifi adabin kasuwa ne, bai cancanci shiga aji ba. Mu kam ba mu yarda ba. Mai wannan sana'a sai ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya ɗora alƙalami. Sa'an nan ya bi shafi-shafi yana ajiye alamu a gaban mai karatu, bai yi masa ƙarya ba, bai kuma bari asiri ya tonu ba. Dubi yadda Agatha Christie a 1926 ta sa mai ba da labarin The Murder of Roger Ackroyd ya zama shi ne mai kisan. A adabin Yarabanci kuwa, tun 1969 Oladejo Okediji ya fito da Aja Lo Leru, inda tsohon ɗan sanda Lapade yake farautar miyagu, manazartansu kuma suka karɓe shi hannu biyu. Mu fa? Muddin muka ƙi koyar da wannan fanni, ɗalibanmu za su rasa babbar makarantar ƙulla zaren labari. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.