HUNTURU: A KULA DA HANNUWAN YARA DA KAREN GIDA

Ga shi hunturu ya kankama a ƙasashen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Iska mai ƙura tana kaɗowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, tana busar da duk wani abu mai laima, tun daga karan gona har zuwa fatar jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci ne kuma, watau cikin watan Disamba, makarantu kan ba da hutu, yara su koma gaban iyayensu. Abin da nake so in jawo hankalin jama'a a kai shi ne wani haɗari da kan haɗa hannun yaro da ya tsattsage da karen gidan da ba shi da lafiya, haɗarin da mutane kaɗan ne suka san da shi.

A Birnin Tsaba da ƙauyukan da ke kewaye da shi, hutu bai taɓa zama na zaman banza ba. Kaka ta wuce, gamba da kaba sun samu, saboda haka samari kan zauna saƙar zana da tabarma da tufkar igiya, 'yan mata kuwa su kama ɗinkin faifai da hula, a tara a kai kasuwa, musamman ta Shinkafi da ke ci ran Alhamis. Wannan al'ada abin yabo ce. Lokacin da aka shigo da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, manufar ita ce yaro ya fita makaranta da sana'a a hannunsa, amma makarantu da yawa ba su samu malamai da kayan aikin da za su cika wannan buri ba. Don haka har gobe tsakar gida ita ce babbar makarantar koyon sana'a, kuma bai kamata wani ma'aikaci ya ga ɗansa ya fi ƙarfin zama a cikinta ba.

Sai dai fa kaba da gamba suna da kaifi, ga ruwan sanyi da garin sabulu suna wanke ɗan maiƙon da ke kare fata. Kafin mako biyu sai ka ga hannu ya yi kaushi, gaɓoɓin yatsu sun tsage, wani har da jini. Maganin wannan ba shi da tsada. A yi wanka da wanke-wanke da ruwa mai ɗumi, a shafa man kaɗanya ko basilin ko man gyaɗa tun hannu bai gama bushewa ba, a kuma sake shafawa kafin barci. Inda tsagewar ta yi zurfi a wanke ta, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a ɗaga wa yaro aikin na kwana biyu.

To, ina kare ya shigo cikin wannan magana? Rani lokacin farauta ne, kuma a karkara kare shi ne mai gadin gida da garke. Yara ne ke ba shi abinci, su ne abokan wasansa. In ya kwanta ciwo, ya ƙi ci, yawu na dalala daga bakinsa, yaro ne zai tausaya masa ya buɗe bakin da hannu, yana zaton ƙashi ne ya maƙale. Ƙwayar cutar haukan kare kuwa a cikin yawu take, kuma ba lalle sai ta cizo take shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lasar kare a kan fatar da ta tsage cikin aji ɗaya da cizon da ya huda fata. Hukumar ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ba ina cewa duk karen da ya rame mahaukaci ne ba. Tsutsar ciki da kaska da yunwa ma suna kayar da kare, kuma jifa da duka ba magani ba ne, zalunci ne. Abin da ya dace shi ne babba ya killace shi, a tura masa abinci da ruwa daga nesa, a hana yara taɓa shi, a nemi malamin dabbobi. In kuwa ya ciji wani, ko ya lashi hannun da ya tsage, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar don allura. Kada a jira a ga alama, domin cutar kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, kuma da zarar ta bayyana da ƙyar ne wani ya tsira.

Sauran aikin na hukuma ne. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton mutum da allurar wannan cuta, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun tabbatar da cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar kan tsaya. Har ila yau ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya kafin ƙarshen 2030.

Wani zai ce yankin da ke fama da matsalar tsaro yana da abin da ya fi kare muhimmanci. Amma ai wannan matsala ita ce ta ƙara wa maganar nauyi, gama inda hanya ba ta biyuwa da daddare, wanda kare ya ciza ba zai isa asibiti da wuri ba. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Bisa ga haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin nan uku da su riƙa shirya allurar karnuka tun cikin watan Nuwamba, kafin a rufe makarantu, a ranakun kasuwa da jama'a ke taruwa, su kuma tabbatar akwai allurar mutane a manyan asibitocin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Malaman makaranta su keɓe darasi ɗaya a kan wannan batu kafin su sallami yara. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da sauran manyan makarantu kuwa, in sun je gida, su duba hannuwan ƙannensu, su bayyana wa iyaye abin da suka karanta. Allah ya raba mu da hunturun bana lafiya, amin.