Kafin A Sake Sayo Amfilifaya, A Leƙa Silin

'Yan uwana ɗalibai, mun saba da labarin: ƙungiya ta fitar da kuɗi ta sayo wa zauren taro sabuwar amfilifaya, a yi taro biyu uku, sai ta fara zafi, ta riƙa ɗaukewa ana tsaka da jawabi, daga nan ta yi shiru. Sai a ce NEPA ce, ko a ce mai shago ya sayar mana da jabu. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ciwon yana cikin silin, a yadda ake haɗa wayoyin lasifikokin da ke maƙale a can.

Kowace lasifika tana da nauyin da take ɗora wa amfilifaya, ana auna shi da om, kuma yawancin na gida om 8 ne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, lambar tana raguwa, nauyin yana ƙaruwa. In ka kama wayoyin lasifika biyu ka murɗe su tare, ja da ja, baƙi da baƙi, ka cusa a baki ɗaya, sun koma om 4. In huɗu ka murɗe, om 2 ke nan. Ita kuwa amfilifayar gida, duba bayanta, galibi ba ta yarda a sauka ƙasa da 4 ba, wata ma 6 ce iyakarta. An ɗora mata kayan raƙumi, dole ta durƙushe. To mene ne laifin NEPA a nan?

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. A ƙaramin ɗaki mai lasifika huɗu, a jera biyu, baƙar wayar ta farko ta shiga jan ta biyu, su ba da om 16. A yi wa sauran biyun haka, sannan a haɗa layukan biyu a baki ɗaya, lissafi ya dawo om 8 cif. Babban zaure kuma ba wurin amfilifayar falo ba ne. Akwai wadda aka yi domin shi, mai layin bolt 100, inda kowace lasifika ke da ɗan taransifomanta. A nan wat ake tarawa: lasifika 20 masu wat 6 sun kama wat 120, sai a nemo mai wat 150 don ta samu sarari.

Sai maganar ja da baƙi. In aka juya wayar lasifika ɗaya, tana turawa 'yar uwarta tana janyewa, sauti ya yi siriri, kaurinsa ya ɓace. Sai mai kula ya yi ta ƙara murya har na'ura ta jigata. Batirin rediyo mai bolt 1.5 ya isa gwaji: cire wayar daga amfilifaya, ka taɓa ta a batiri, in takardar lasifika ta turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja.

Abin takaicin, duk wannan karatun ajin farko ne a sashen lantarki. Muna haddace dokar Ohm mu ci jarrabawa, amma ranar taro sai a kira wani daga waje ya murɗe waya da haƙori ya karɓi kuɗinsa. Wasu za su ce ai ɗalibi ɗan koyo ne, zai yi ɓarna. Ɓarnar fa ana kan yi, da kuɗin da iyayenmu suka biya, kuma na kujerun baya su ne ke fita ba su ji komai ba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya: kada a sa hannu a kan ko kwabo sai an nemi sashen lantarki ya ba da 'yan HND, da malamin firatikal a kansu, su hau silin da mita. Su ƙirga lasifikokin, su auna kowane layi, su sa wa wayoyi lamba, su zana yadda aka haɗa a manna kusa da na'urar. Sannan a kafa doka: ba mai ƙara lasifika ko taɓa waya sai an kashe amfilifaya an duba zanen. Bayan nan, in har da buƙatar saye, mun san irin wadda za mu saya.