Kwanciyar Hankali Ba Ta Cikin Kwalba

Ya kai mai karatu, ranar kasuwa ka sha ganin mota da lasifika a bisanta. Mai ita yana rantsuwa wai yana da sassaƙe da saiwoyi na maganin faɗuwar gaba da rashin barci da yawan tunani. Kwalba guda, wai ita ce ta basir, ita ce ta shawara, ita ce ta damuwa. Ƙarya ce! Kada ka ba shi kuɗin hatsin iyalinka.

Yanzu ka iya karatu. To, ɗauki kwalbar ka duba. Ina sunan icen da aka dafa? Ina awon da za a sha? Ina ranar lalacewarta? In ta cuce ka, wa za ka kama? Gobe motar tana wata kasuwa.

Ba mu raina itatuwanmu ba. Amma ice yana warkarwa, ice yana kisa. Ka san zaƙami. Ba banza ake ce masa haukata-yaro ba: yana busar da baki, ya sa zuciya gudu, ya gusar da hankali, har ya kashe. Wanda ya ɓoye maka abin da ya zuba a kwalba, don me za ka amince masa? Haka nan tramol na masu tire. Ƙwayar ciwon jiki ce, ba ta damuwa ba. Tana kama mutum ya kasa bari, tana kawo farfaɗiya.

Ga abin da mai lasifika ba zai gaya maka ba. Shayi da goro suna da wani sinadari, kafeyin, mai hana barci, mai sa zuciya bugawa. Bayan awa 5, wajen rabinsa yana nan a jikinka. Ka sha shayi kofi 3 bayan isha'i, ka ci goro, sa'an nan ka ce aljani ya hana ka barci? Bar su tun daga la'asar, ka gwada mako 2. Da dare dafa na'ana'a kaɗai, ka sha da ɗumi. Taimakonta kaɗan ne, amma ka san abin da ka sha.

Wata faɗuwar gaban kuwa ciwo ce. Ƙarancin jini yana kawo ta, musamman ga mai ciki da mai jego. Ciwon maƙoƙo ma yana iya kawo ta. Sassaƙe ba ya auna jini. Je likita a auna ka. In damuwa ta daɗe, ta hana ka ci da aiki, gaya wa likita a fili. Ba hauka ba ce, ba abin kunya ba ne, kuma tana da magani.

Sau da yawa tushenta rumbu ne da ya ƙare, ko bashin damina. Wannan ba saiwar da ke biyan shi. Shawara da haɗin kai ke rage shi. A 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: kowace ta zuba kaɗan duk mako, mai bukata ta ranta. Kuɗin kwalbar nan, zuba shi a asusu. Nauyin zuciyarka kuma, faɗa wa aminin da ka yarda da shi.

Karanta wa maƙwabcinka wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.