Wa Zai Yi Wa Mai Garma Shela?

Duk ƙasar da za ta harba roka zuwa sararin samaniya, sai ta fara fitar da sanarwa iri biyu. Ta farko ta matuƙa jiragen sama ce, a ce musu kada su ratsa sarari kaza daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Ta biyu ta jiragen ruwa ce, a shata musu yankin tekun da ake sa ran gangar rokar za ta faɗa. Wannan tsari ne mai kyau, kuma ya tsare rayuka. Amma fa a duba waɗanda aka gargaɗa. An gaya wa mai jirgin sama, an gaya wa mai jirgin ruwa. To, wa ya gaya wa mai garma a fadamar Mirriya, ko makiyayi a dajin Damargu, ko ayarin gishiri a kan hanyar Bilma?

Wani zai ce ina ruwan Mirriya da roka, garin da aka sani da lambuna da tukwane da kasuwar Lahadi? Mai wannan tambaya ya manta cewa hamadar da ke arewa da mu ta daɗe tana zama filin gwajin makaman wasu, kuma ba a taɓa neman shawarar mazaunanta ba.

Ranar 13 ga watan Fabrairu na 1960, watanni shida kafin Nijar ta karɓi mulkin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Daga 1960 zuwa 1966 gwaji 17 aka yi, 4 a fili, 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, arewa da Tamanrasat, garin da ƴan ciraninmu suka sani kamar gida. Ranar 1 ga watan Mayu na 1962 dutsen ya kasa riƙe bam ɗin, ƙura mai guba ta fito ta lulluɓe sojoji da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a farkon 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Taswirar sojan Faransa da ta nuna yadda ƙurar bam na farko ta bazu a kan Afirka ta Yamma har zuwa Cadi kuwa, ba ta fito a jarida ba sai a 2014, bayan shekara 54. Kakanninmu sun shaƙi iskar hunturun wannan shekara ba tare da wani sankira ya zagaya kasuwa ya ce musu kome ba.

A cikin hamadar ce kuma, a Hammaguir, Faransa ta harba tauraronta na ɗan Adam na farko ranar 26 ga watan Nuwamba na 1965, kafin ta kwashe kayanta a 1967 ta koma Kuru a Kudancin Amurka. Bayanta wasu suka biyo. Wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna OTRAG ya karɓi makeken fili a lardin Shaba daga hannun Mobutu, ya fara harba rokoki a 1977, yana cewa burinsa shi ne kai taurari sama da kuɗi kaɗan. Tarayyar Sobiyet da maƙwabtan Zayar suka ce ƙarya ne, makamai masu linzami ake gwadawa. Da matsin ya yi yawa Mobutu ya sallami kamfanin a 1979. Ina ya nufa? Libiya, kusa da Sabha, a ƙasar Fezzan da ayarin Damagaram ya daɗe yana ratsawa, kuma a 1981 ya harba roka daga can. Zargin ya bi shi, ya ma ƙaru, domin kowa ya san Gaddafi yana neman makami mai dogon zango.

Bai kamata a ɗauki irin wannan zargi shirme ba. Roka da makami mai linzami uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Injin iri ɗaya ne, man iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne kayan da aka ɗora a kai da kuma inda aka saita. Rokar da ta kai Sputnik sama a 1957 makami ce da Sobiyet ta ƙera domin ta isa Amurka da bam. Saboda haka duk wanda ya ga wuta ta keta sama da dare, kuma hukuma ta yi gum, yana da hujjar yin zato. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga wannan ruɗani ba. Ranar 25 ga watan Janairu na 1995 masana kimiyya suka harba rokar bincike daga wani tsibiri na Norwe. Norwe ta aika wa Rasha takardar sanarwa tun da wuri, amma takardar ba ta kai ga sojojin da ke gadin na'urorin hango makamai ba. Suka zaci harin Amurka ne, har aka kawo wa shugaba Yeltsin akwatin ba da umarnin nukiliya, kafin a gane rokar teku ta nufa. Darasin a fili yake. Gargaɗin da ya kwana a teburin ma'aikata, bai isa kunnen mai buƙatarsa ba, daidai yake da wanda ba a yi ba.

Yau haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne tarkace. Abin da aka harba sama, wani sashensa yakan dawo. A watan Mayu na 2020 ɓaraguzan wata katafariyar roka ta ƙasar Sin suka faɗo a ƙauyen Mahounou na Kwaddibuwa, har da dogon bututun ƙarfe. Ranar 30 ga watan Disamba na 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kilo wajen 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Keniya. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba a duka biyun. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in irin wannan ƙarfe ya faɗo a bayan Mirriya, me zai faru? Yara za su riga kowa isa wurin. Kafin jandarma su ji labari, masu sayen tsohon ƙarfe sun ɗora shi a amalanke, maƙera sun fara auna abin da zai fita a cikinsa. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa tankin roka yana iya riƙe ragowar mai mai dafi da ke ƙona huhu da fata.

Dokar duniya ba ta yi shiru ba. Yarjejeniyar 1972 ta ce ƙasar da ta harba abu ita ke da alhakin biyan duk ɓarnar da ya yi a doron ƙasa, ko da ba ta yi ganganci ba. Da tauraron Sobiyet mai suna Kosmos 954 ya tarwatse a kan Kanada a 1978 ɗauke da makamashin nukiliya, Kanada ta tattara shaida, ta kai kuka, aka biya ta dalar Kanada miliyan 3. Sai dai a lura da sharaɗin: gwamnati ce ke neman diyyar ta hanyar jakadanci, kuma akwai wa'adin shekara guda. Talaka ba shi da ƙofar shiga sai ta hannun hukumarsa. In aka narkar da shaidar aka yi tukunya da ita, magana ta ƙare.

A watan Nuwamba na 2024 Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha a kan sayen taurarin ɗan Adam guda 3. Ba mu ƙi ba. Damagaram ba baƙuwar fasaha ba ce, tun da Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera masa igwa a cikin birninsa. Ƙasa mai faɗin tamu tana buƙatar ido a sama domin iyakokinta da damunarta. Amma wanda ya shiga wannan kasuwa dole ya san cewa faɗin hamadarmu kaya ne da wasu ke sha'awa, kamar yadda suka yi sha'awar Reggane da Shaba da Sabha. Mutanen Mirriya sun fi kowa sanin cewa tun ran gini ran zane. In tukunya ta bushe, zane ba ya kamawa.

Za a ce sirrin tsaro ne. Mun yarda akwai abin da soja ba ya faɗa. Amma ranar da za a rufe daji, da yankin da bai kamata a kai garke ba, ba sirri ba ne ga wanda ransa ke ciki. Za a kuma ce yunwa da ƴan bindiga sun fi wannan gaggawa. Gaskiya ne, sai dai abin da muke nema bai kai kuɗin mota guda ta ma'aikata ba.

Ga shi a taƙaice. Na farko, kada a ba wata ƙasa ko wani kamfani ko taƙi ɗaya na ƙasar Nijar domin harba roka ko gwada makami sai an buga yarjejeniyar kowa ya karanta. Na biyu, duk sanarwar da ta iso ofishin kula da jiragen sama game da abin da zai ratsa ko zai faɗo a sararinmu, a miƙa ta ga Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, a faɗe ta da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fillanci da Buzanci da Tubanci. Na uku, a sanar da sarakuna da masu gari da limamai abin yi in baƙon ƙarfe ya faɗo: a nisanta yara da dabbobi, kada a taɓa, a kira hukuma. Na huɗu, in an ga abu a sama mutane suka firgita, gwamna ya fito ya yi bayani a ranar, kafin jita-jita ta cika wayoyi.

Faransa ta ɗauki shekara 50 kafin ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar, a 2010, lokacin da wasunsu da dama sun riga mu gidan gaskiya. Mu da muke da hukumar kanmu, bai dace mu jira wata takarda ta fito daga ma'ajiyar wata ƙasa ba kafin mu san abin da ya bi ta kanmu. Masu mulki su ji, malamai da sarakuna su taya mu faɗa. Allah ya tsare ƙasa da mutanenta, amin.