Dhanteras da Haƙƙin Leburan Sharaɗa

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya a Kano ya san Diwali, bikin da ake jera fitilu a ƙofar gida da kan katanga. Kwana biyar ake yi, kuma ranar farko, Dhanteras, ranar dukiya ce. A 2025 ta kama 18 ga Oktoba.

Ranar nan mabiya addinin Hindu kan share gida fes, su fita sayen zinare ko azurfa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tukunya, ko da tsintsiya ce ma. Sun yi imani cewa Lakshmi, wadda suke bauta wa don neman arziki, gida mai tsabta take shiga. Wannan aƙidarsu ce, ba ta shafi Musulmin Kano ba, kodayake ajiyar kuɗi a sarƙar gwal ba sai an koya wa matanmu ba.

Abin da ya shafi Kano shi ne ɓangaren lissafi. A kwanakin bikin 'yan kasuwar Gujarat ke rufe tsohon littafin ciniki, su biya bashi, su buɗe sabo. Kasuwar hannun jari ta Mumbai kan yi zaman ciniki na awa ɗaya don murnar Diwali. A lokacin ne kuma ma'aikata da yawa ke karɓar kuɗin ƙari na shekara, wanda dokar Indiya ta wajabta tun 1965: aƙalla kashi 8.33 cikin ɗari na albashin shekara, kusan albashin wata guda ke nan.

Indiyawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Gidan Chellaram tun 1923 yake ciniki a Najeriya. Yau a Sharaɗa da Challawa da Bompai akwai masu masana'antu da manajoji daga cikinsu. Su kuwa masu tsayuwa gaban injin roba da masu jiƙa fata a majema, da dama aikin yini suke yi, ba takardar ɗauka, ba tabbacin gobe. Manajan da ya san abin da leburan birnin Surat na Indiya ke komawa gida da shi a makon Diwali, bai kamata ya sallami na Sharaɗa da kwalin alawa ba.

Maganar ba ta tsaya kan Indiyawa ba. Ta haɗa da Kwarori da 'yan Sin, har da Alhajin da ke raba shinkafa a goron Sallah in ya ga dama, ya hana in ransa ya ɓaci. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma dokar ta hau kan duk kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye. A fara cika wannan. Sannan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ƙungiyoyin ƙwadago a Kano su zauna su rubuta kuɗin ƙarin shekara cikin yarjejeniyar aiki, ya faɗo makon Ƙaramar Sallah, leburan yini ma su samu.