FILIN 'YANMATA: Ba Haƙori Ba Ne, Tamowa Ce

Yau ku yi mini haƙuri, ba zancen soyayya na zo da shi ba.

Biki ya kai ni Bakura. Ana ta guɗa a tsakar gida, ni kuwa idona na kan ɗan yayata, mai wata goma sha huɗu. Wallahi na ɗauke shi kamar na ɗauki zani. Haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta yi yaushi, fuska kamar ta tsoho, ko kuka ba ya iyawa.

Na ce, "Goggo, me ya sami yaron nan?"

Ta ce, "Haƙori ne, 'yar nan, duk haka kuka yi."

Ashe ciki ne ya shiga, aka yaye shi rana ɗaya, zawo ya biyo baya, abinci kuma koko tsararo. Mijin yayar tawa ɗan Maradun ne, 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa. Ga madatsar Bakolori, ga fadama, amma rumbu wayam.

Da ƙyar da roƙo muka kai shi babban asibitin Talata Mafara. Malamar asibiti ta zagaya masa wani ɗan tef a damtse. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Nasa ja ne. Ta ce idan jiki ya rasa abinci sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa, shi ya sa ƙyanda ko zawo kaɗan ke tafiya da irin yaran nan.

Aka kwantar da shi, aka fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, daga baya abincin nan na leda mai gyaɗa, madara, mai da sukari. Ran da ya fizge ledar da kansa, yayata ta fashe da kuka.

To 'yanmata, iyayen gobe, ku riƙe waɗannan. Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ban da shi. Bayan nan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, a ƙara da kunu mai gyaɗa ko waken suya, wake, ƙwai, zogale da ɗan manja. Yaro ya rame, ya ƙi cin abinci, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, sai asibiti a ranar. Abincin ledar nan kuma magani ne, haƙƙin mai tamowa ne, kada a raba wa yayye, balle a kai kasuwa.

Ke da kike makaranta, kada ki ce ke yarinya ce. Ki duba ƙaninki yau, ki faɗa wa Inna cikin ladabi.

Allah Ya raya mana su. Sai fitowa ta gaba.

Taku har kullum.